Daga "Ikon Allah" Zuwa "Tauraruwa Mai Wutsiya": Tarihin Makaranci Mai Hatsin Bara

Akwai wani irin makaranci da ake samu yanzu a cikin matasanmu, musamman ɗaliban manyan makarantun fasaha na Kazaure da Ɓaɓura. In ka karɓi wayarsa ka duba abin da ya karanta a watan jiya, sai ka ga littafi kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ga wani kan yadda ƙwaƙwalwar ɗan'adam ke aiki, sannan ga littattafan zane uku ko huɗu, waɗanda ake kira komik, cike da labarin kumbo da mutum-mutumi da rayuwa a wata duniya. Manya da yawa in sun gani sai su kaɗa kai, su ce yaron nan karatunsa hatsin bara ne, bai san inda ya dosa ba.

To, ni a ganina wannan yaro bai ɓata ba. Hasali ma irin karatun da yake yi shi ne mafi tsufa a tarihin rubutun boko na Hausa. Littafin ilmi da littafin ƙage tare suka taso a gida ɗaya, kuma sau da yawa hannu ɗaya ne ya rubuta su. Abin takaicin kawai shi ne, yau kusan duk abin da ke cikin wayar nan da Turanci yake. Yadda aka yi muka tsinci kanmu a haka shi ne abin da nake so mu bibiya a wannan fili.

KAFIN ZUWAN BOKO

Bahaushe bai jira Bature ba kafin ya ɗaga kai ya dubi sama. Manomin Roni ko na Gwiwa ya san Zara, ya san Gamzaki, ya san Kaza da 'Ya'yanta, kuma malaman zaure suna da lissafin taurarin da ake bi a gane kusantowar damina da lokacin shuka. Wannan ilmi ne na gaske, domin wanda ya yi kuskure a cikinsa iri zai yi asara.

A ɓangaren rubutu kuwa, ƙasar Katsina ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda a 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara hatimin lissafi, wato gidajen lambobi da ko ta ina ka tara su jimla ɗaya za su ba ka. A Alƙahira ya rasu a 1741. Shi kuma yaron da ke jin labarin irin waɗannan malamai da rana, da dare yana gaban kakarsa tana ba shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo. Ilmi da rana, ƙage da dare, ba wanda ya taɓa cewa ɗaya na hana ɗaya.

ZARIYA: INDA AKA HAƊA BIYUN A TAKARDA

Da Turawa suka kafa hukumar fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, mafi yawan littattafan farko da ta fitar ba na hira ba ne. Na karatu ne da na tarihi, irin su "Labarun Hausawa da Maƙwabtansu". Sai a 1933 aka shirya gasar nan da ta haifar da "Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam, da "Ganɗoki" na Bello Kagara, da "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da "Idon Matambayi" na Muhammadu Gwarzo. A daidai wannan lokaci ne kuma "Jiki Magayi" na John Tafida da East ya fito.

Mai karatu, dubi "Ganɗoki" da kyau. Farkonsa tarihi ne tsantsa, na yaƙe-yaƙen da aka yi lokacin da Turawa suka ci ƙasar nan. Can gaba kuma sai ga jarumin a ƙasashen aljanu yana fafatawa. Ashe tun ranar farko marubucinmu bai ga laifin zuba gaskiya da ƙage a akushi ɗaya ba.

Shi kansa Abubakar Imam ai babban misali ne. Wanda ya rubuta "Magana Jari Ce" a ƙarshen shekarun 1930, shi ne ya zama edita a jaridar "Gaskiya Ta Fi Kwabo" da aka fara bugawa a 1939. Shi ne ya rubuta "Tafiya Mabuɗin Ilmi" kan ziyarar da ya kai Ingila a 1943. Kuma shi ne, tare da East, suka rubuta "Ikon Allah", wanda ya fara fitowa a 1949, littafin da ya zauna ya yi wa Bahaushe bayanin halittu iri-iri na cikin duniya da harshensa. Dubi sunan ma kawai. Ba a gabatar da kimiyya a matsayin kishiyar addini ba, an gabatar da ita a matsayin hanyar ganin ikon Mahalicci. Wannan dabara ce ta sa uba ba ya jin tsoron ɗansa ya shigo da littafin gida.

A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA, wadda ta yi aiki har zuwa 1959. Ta buga ƙananan littattafai masu arha kan noma da kiwon lafiya da sana'o'i da tarihi, ga kuma na hira. An kuma riƙa fitar da jaridun larduna: "Sodangi" ta Kano, "Himma" ta Katsina, "Zaruma" ta Sakkwato, "Bazazzaga" ta Zariya. A lokacin, Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura duk a Lardin Kano suke, don haka "Sodangi" ce jaridar lardinsu. Magidancin da ya koyi abacada a ajin yamma, abin da ke hannunsa hatsin bara ne na gaske: yau takardar da ke koya masa tsabtace rijiya, gobe "Iliya Ɗan Maiƙarfi" na Ahmadu Ingawa.

SHEKARAR KUMBO

Daga nan sai duniya ta shiga tseren sararin samaniya. A 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. A wannan shekarar ce kuma BBC ta buɗe sashen Hausa. A 1961 Yuri Gagarin ya kewaya duniya ya dawo. Gidajen rediyo sun rasa yadda za su yi sai sun samo kalmomi, kuma suka samo. Tsohuwar kalmar nan ta karin magana, kamar kumbo kamar kayanta, ita ce ta zama sunan jirgin da ke zuwa sama jannati. Wannan ya nuna harshen bai gaza ba, in dai akwai mai buƙatar ya yi aiki da shi.

Ranar 20 ga Yuli, 1969, kumbo Afolo 11 ya sauka a kan wata, Neil Armstrong ya taka ƙasarsa. Labarin ya ratsa ƙasar Hausa ta rediyo, ana tsakiyar yaƙin basasa. Wasu suka gaskata, wasu suka ce ƙaryar Nasara ce. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon waƙa. Ciwon idon nan mai yaɗuwa da ya ɓarke a Gana a wannan shekarar, har yau Afolo muke kiransa.

A wannan shekara ta 1969 ce kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya buga "Tauraruwa Mai Wutsiya" na Umaru Dembo, wanda manazarta ke ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko da Hausa. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba da ya haɗu da wani baƙo daga sararin sama, Ƙolin Ƙoliyo, suka yi tafiya tare. Abin lura a nan shi ne, yaron Bahaushe ne, Musulmi, da tarbiyyar gidansu ya tafi sama. Dembo bai ga cewa sai ya ari yaron Landan kafin ya hau da shi sama ba.

Ina ganin ba haɗari ba ne da littafin ya zo shekara 20 cif bayan "Ikon Allah". Yaran da suka karanta bayanin halitta da Hausa a firamare su ne suka girma suka iya ƙaga labarin kumbo da Hausa, kuma su ne suka iya karanta shi su ji daɗi. Littafin ilmi shi ne gona, labarin kimiyya shi ne amfanin da ta bayar.

ZANE YA ZO, AMMA DA TURANCI

To ina labarin komik? A nan ne tarihinmu ya karkace. Littattafan Zariya suna da zane-zane, duk wanda ya riƙe "Magana Jari Ce" ya san haka. Amma zane ne mai rakiyar rubutu, ba zanen da shi ke ɗauke da labarin ba. Labarin da hoto ke tafiyar da shi daga waje ya shigo mana.

A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin mujallar Drum ya fara fitar da "African Film", mai labarin wani ɗan leƙen asiri, Lance Spearman. Ba zane ba ne, hotunan mutane ne na gaske aka jera aka sa musu magana. Samarin birane sun yi rububinta har zuwa farkon shekarun 1970 da ta daina fitowa. Sai kuma a 1975 aka ƙirƙiro "Powerman" musamman don kasuwar Nijeriya: baƙin jarumi mai ƙarfin da ya wuce na mutane, yana karawa da dodanni da na'urori. Waɗanda suka zana shi Turawan Ingila ne guda biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda a lokacin ba su yi suna ba. Gibbons ɗin nan shi ne daga baya ya zana "Watchmen" a 1986 zuwa 1987, ɗaya daga cikin fitattun komik na duniya. Har lamba aka riƙa sa wa kowane gidan zane a "Powerman", wai don kada makarancin Nijeriya ya rikice wajen bin labarin. Ka ji yadda ake kallonmu.

A tsallaken iyaka kuwa labarin daban ne. Daga Ɓaɓura in ka miƙa arewa ba ka daɗewa za ka shiga Jamhuriyar Nijar, wajen Magarya da Damagaram, inda harshen makaranta ya daɗe yana Faransanci. A al'adar karatun Faransanci, littafin zane ba abin yara kaɗai ba ne, adabi ne da ake girmamawa. Tun a 1954 mai zanen nan ɗan Beljiyam, Hergé, ya fitar da littafin da ya kai Tintin kan wata, shekara 15 kafin Armstrong. Hausawa ɗaya, iyaka ta raba, wannan ya san jarumin zane da Turanci, wancan ya san shi da Faransanci. Da Hausa fa? Shiru.

INDA IGIYAR TA TSINKE

Me ya sa Dembo bai samu magada da yawa ba? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne.

Na farko, makaranta. A 1977 tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya aka ƙara wasu, har da ta 'yan mata a Taura. Shirin ya yi nasara ƙwarai, ya samar da likitoci da injiniyoyi, kuma 'ya'yan ƙasar Kazaure da Ɓaɓura suna cikin waɗanda ke da haƙƙin shiga, tunda sai a 1991 aka yanke Jigawa. Amma da Turanci aka koyar da komai. Yaron da ya fi kowa sanin kimiyya sai ya zama shi ne ya fi kowa nisa da rubutun Hausa. Wanda ya tsaya a kan Hausa kuma aka tura shi ajin adabi, ya rabu da lissafi tun yana ƙarami. An raba gari tun ran tubani.

Na biyu, kuɗi. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, suka koma buga littattafan jarrabawa. Marubuta suka ɗauki nauyin buga wa kansu, aka samu abin da ake kira adabin kasuwar Kano. Wannan yunƙuri ba abin rainawa ba ne. Balaraba Ramat Yakubu da "Budurwar Zuciya", Ado Ahmad Gidan Dabino da "In Da So Da Ƙauna" a 1991, su da sauran takwarorinsu ne suka hana karatun Hausa mutuwa, suka shigar da littafi ɗakunan matan aure daga Kano har ƙauyukan Roni da Gwiwa, ta hannun masu shagon haya da masu baza littafi ranar kasuwa. Sai dai wanda ya sa kuɗinsa ya buga littafi dole ya bi abin da kasuwa ke so. Soyayya na fita. Littafin bayanin taurari kuwa wa zai saya? Komik ya fi kowanne tsada, domin sai ka biya mai zane shafi-shafi kafin ka je wurin mai inji.

Na uku, ra'ayin wasu iyaye da malamai game da zanen abu mai rai ya sa yaro mai baiwar zane ba ya samun ƙarfafawa a gida. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da tsohon sashen koyar da zane a Zariya, amma marubutan Hausa da masu zanen ba su cika haɗuwa a aiki ɗaya ba, sai dai a bangon littafi.

Wani zai ce ai muna da littattafan yaƙi da na aljanu da matsafa, waɗanda samari ke so. Gaskiya ne, kuma suna da daɗi. Amma akwai bambanci. A littafin aljanu, in jarumi ya tashi sama, aljani ne ya ɗauke shi, magana ta ƙare. A labarin kimiyya dole marubuci ya gaya maka me ya ɗaga kumbon, me mutanen ciki ke shaƙa, me suke ci, kwana nawa tafiyar za ta ɗauka. Ko da ƙarya zai yi, sai ya gina ta a kan gaskiya. Shi ya sa ba a rubuta irin wannan labari sai an karanta littattafan ilmi. Wanda bai ci ba, ba ya gyatsa.

RANAR DA RANA TA KIFE

In ana neman shaidar cewa mun yi asara, a tuna ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006. Da hantsi wata ya shiga tsakanin rana da ƙasa. Layin da rana ta rufe ruf ya bi ta Gusau da Katsina da Maraɗi, wato maƙwabtan ƙasar Kazaure na kusa, kuma a nan ma rana ta dushe sosai. Masana sun san ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo. An yi sallar kisfewa kamar yadda sunna ta koyar, gidajen rediyo sun yi gargaɗin kada a kalli rana da ido tsirara. Amma ina ɗan littafin Hausa mai zane da malamin firamare a Gwiwa zai ɗaga ya nuna wa yara ga rana, ga wata, ga inuwa? Irin aikin da NORLA za ta yi cikin mako biyu ke nan da tana raye.

Kuma wannan ya faru ne shekara biyu da rabi bayan Nijeriya ta mallaki tauraron ɗan'adam nata na farko, NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Rasha a Satumbar 2003. Ya faru ne a yankin da gwamnatin Saminu Turaki ta kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure, ga kuma kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a garin. A 2021 kuma aka ƙara da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura. Wato ba masu ilmin ne babu ba. Gadar da za ta kai ilmin cikin harshen gida ce ta karye.

WASU SUN RIGA MU

A halin yanzu 'yan'uwanmu na kudu sun yi nisa. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013. Roye Okupe ya fitar da "E.X.O." a 2015, labarin Legas ta nan gaba. A 2024 kamfanin Kugali tare da Disney suka fitar da "Iwájú". Nnedi Okorafor, 'yar asalin ƙabilar Ibo da aka haifa a Amurka, ta ci kyautar Hugo da "Binti", ta kuma ci Eisner da komik ɗinta "LaGuardia". Abin da ya fi taɓa ni shi ne littafinta na 2007, "The Shadow Speaker", wanda ta kafa labarinsa a Nijar ta shekarar 2070. Ƙasarmu ce, hamadarmu ce, amma wata ce ta hango mana gobenta, da Turanci. Ba laifinta ba ne. In ba ka ba da labarin gobenka ba, wani zai bayar, kuma yadda ya ga dama zai sa ka a ciki.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Uzurin tsadar takarda ya ragu. Yau littafin Hausa a waya ake karanta shi, ta WhatsApp da Wattpad da makamantansu, kuma zane ba ya buƙatar inji kafin ya isa hannun mutum dubu. Abin da ya rage shi ne marubuci da mai zane da ɗalibin kimiyya su zauna a tabarma ɗaya.

Labaran ma ba sai an je nesa ba. Jigawa na cikin jihohin da hamada ke yi wa barazana. Me zai hana a rubuta labarin Ɓaɓura bayan shekara 50, inda rijiyoyi suka ƙafe, wata yarinya ta gano hanyar tatsar ruwa daga iska? Me zai hana a zana Kazaure da dam ɗinta da duwatsunta a zamanin da mutum-mutumi ke noma, a tambayi me ɗan ƙodago zai ci? Tauraruwa mai wutsiyar nan ta Halley, wadda ta bayyana a 1910 da 1986, za ta dawo a 2061. Yaran da ke firamare a Roni yau, in Allah Ya ja kwana, za su gan ta. Da wane harshe za su yi wa jikokinsu bayaninta?

Amma kada mu manta da darasin 1949 da 1969. Ba a fara da kumbo, da gona ake farawa. Muna buƙatar sabon "Ikon Allah": ƙananan littattafai da Hausa mai daɗi kan wutar sola, da ƙwayoyin cuta, da sauyin yanayi, da yadda waya ke ɗaukar murya. Malaman kwalejin Kazaure da na jami'ar Ɓaɓura, wannan ƙalubalenku ne. Ƙungiyoyin marubuta da masu shirya gasa, ku ware rukuni na labarin kimiyya da na zane. 'Yan'uwa marubuta mata da maza, a cikin kowane littafi biyar da za ku karanta, ku sa ɗaya na ilmi.

Shi kuma yaron nan mai hatsin bara, iyaye, a ƙyale shi ya yi ta karatunsa. A dai riƙa tambayarsa ya ba da labarin abin da ya karanta da Hausa, a gaban ƙannensa. Wataƙila a cikin irinsu ne magajin Umaru Dembo zai fito. Allah Ya sa mu dace, amin.